Ku daina manna wa yara ƙarya da sunan "abin mamaki game da giwa"

Wannan hoton na "abubuwan mamaki goma game da giwa" da kuke ta turawa zaurukan iyayen yara tun jiya, don Allah ku goge shi. Wanda ya haɗa shi ya iya zaɓen launi, ya iya liƙa ɗan giwa mai murmushi a gefe, Allah ya ƙara basira. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya san giwa. Rabin abin da ke ciki ƙarya ce tsagwaronta, amma ga wata malama a ƙasa tana cewa za ta buga ta manna a bangon aji. Bangon aji fa!

Wai giwa ta hanci take shan ruwa, ya zarce ciki. To bismillah, mai hoton ya zuƙi ruwa ta nasa hancin mu gani. Da hancin nan take numfashi, ƙofofinsa biyu huhu suka nufa. Zuƙo ruwan take yi ta tsayar da shi a cikin hancin, kusan lita 8 a zuƙa ɗaya, ta lanƙwaso shi ta juye a baki, sannan ta haɗiye. Ɗan giwa da baki yake shan nono, nonon kuwa tsakanin ƙafafun gaba yake. Sai ya yi watanni kafin hancin ya bi umarninsa, wani lokaci har taka abinsa yake yi, kafin nan durƙusawa yake ya kafa baki a ruwa. Babu ƙashi ko ɗaya a hancin, tsoka ce zalla, kuma a bakinsa giwar Afirka tana da 'yan yatsu biyu, ta Asiya ɗaya. Wannan bai isa abin mamaki ba sai an ƙara masa ƙarya?

Wai gwiwa huɗu gare ta. Biyu ne, a ƙafafun baya. Abin da kuke gani yana lanƙwashewa a gaba wuyan hannu ne, gwiwar hannun tana can sama kusa da ƙirji.

Sai tsoron ɓera. Toron da ya kai kilo 6,000 wai yana rawar jiki don ɓera zai shige masa hanci. Giwa ba ta da kaifin gani, duk abin da ya gilma mata a ƙafa ba zato za ta iya zabura, ɓera ne ko ƙadangare. Wanda take gudu da gaske ƙudan zuma ne, domin yana harbinta a gefen ido da bayan kunne da cikin hanci, inda fata ba kauri. A Kenya, wata mai bincike, Lucy King, ta mayar da wannan dabarar tsare gona: a rataya amya a kan dirkoki kewaye da gona, tazarar kamar mita 10 tsakani, a haɗa su da waya. Giwa na taɓa wayar amyoyin su girgiza, zuma ta fito, garke ya juya. In aka bar amya ba zuma a ciki, ko wayar ta saki, giwa ba ta daɗewa take ganewa. Manomi ya tsira da hatsinsa, ya kuma sami zumar sayarwa. Wannan za a gaya wa yaro, ba shirmen ɓera ba.

Maƙabartar giwaye, wai wurin da suke zuwa su mutu, ita ma babu ita. Haƙoran taunar giwa sau shida suke fitowa a rayuwarta, sabo yana tahowa daga baya ya tura tsohon gaba har ya gutsuttsure ya zube. In na shidan ya cinye, wajen shekara 60, shi ke nan, babu wani. Tsohuwar giwa sai ta koma bakin fadama inda ciyawa ke da laushi, da yawa can suke ƙarasawa, ga kuma fari da ke tara su a ragowar ruwa ɗaya. Wani ya tarar da ƙasusuwa wuri guda ya ƙirƙiro labari, mu kuma muna shirin liƙa wa 'yan aji uku.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta haure, wai faɗuwa yake yi wani ya tsiro. Haure haƙorin gaba ne na sama. Ɗan ƙaramin na yarinta ne kaɗai ke faɗuwa, wajen shekara ɗaya. Na dindindin kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku nasa a nutse yake cikin ƙashin kai, da jijiya da jini a ciki. In tsininsa ya karye zai ci gaba da tsawo daga tushe, in aka cire shi daga tushen ba ya dawowa, kuma mafarauci kashe giwa yake yi kafin ya cire. Yaron da ya taso da cewa tsintar haure ake yi a daji ba zai taɓa gane abin da ya sa a 2021 aka saka giwar kurmi ta Afirka cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa ba. Wannan ba abin dariya ba ne.

Na san za ku ce ai yara ne, me ya yi zafi. Saboda yara ne ya yi zafi. Babba zai iya tambaya, yaro haddacewa yake yi, ya rubuta a jarrabawa, ya girma ya gaya wa nasa. Masu cewa ai tatsuniya ma ƙarya ce, ku huta. Mai tatsuniya da "ga ta nan ga ta nanku" take farawa, in ta gama ta ce ƙurunƙus, ba don gizo ba da na yi ƙarya. Ta wanke kanta, yaro ya san a wace duniya yake. Ku kuwa kun rubuta "kimiyya" a saman hoton. Mai cewa niyyarsa alheri ce, mun ji, Allah ya ba da lada, a goge dai.

Kuma gaskiyar ba tsada take ba. Cikin giwa wata 22 ne, ɗan ya faɗo da kusan kilo 100, cikin awa ɗaya ko biyu ya miƙe. Babba tana iya cin kilo 150 a yini, buhu ɗaya da rabi ke nan na masara in a sikeli ne, fiye da rabi kuma ya fita bai narke ba, shi ya sa kashinta ke shuka itatuwa. Kunnen da take kaɗawa jini take sanyayawa da shi, don kusan ba ta gumi. Suna kiran juna da gurnanin da ya yi ƙasa da abin da kunnenmu ke kamawa, ya yi tafiyar kilomitoci. Tsohuwar mace ce ke jan garke, maza in sun tasa sai su ware. Giwayen nan ba a waya kaɗai suke ba, akwai su a Yankari a jihar Bauchi, akwai a gandun W a Nijar, akwai a Zakuma a Chadi.

Af, tunda an zo nan, wancan na makon jiya mai cewa raƙumi a tozo yake ajiye ruwa. Jama'a, a ƙasar nan da ake yanka raƙumi a kwata? Tozo kitse ne, in yunwa ta yi tsawo sai ya saki ya kwanta gefe. Raƙumi yana iya shanye kusan lita 100 cikin 'yan mintuna, ruwan kuma jiki da jini yake shiga. Ku je ku tambayi kowane mahauci ko ya taɓa tsaga tozo ruwa ya zubo, amma ku je da kuɗin tsire, kada ku tsayar da bawan Allah a banza.