Hilux ɗina da tayoyin da sunka hi ƙarhinta

Jama'a masu tambayata mi ya sa ba a ƙara ganina bisa Hilux ba sai bisa babur ɗin ƙanena, to ku zamna ku ji, don labarin da ake yawo da shi cikin fada duk ƙari ne, babu jakin da ya ja mota ta, shanu ne, kuma buhuhuwa kawai sunka ɗauka.

Abin ya samo asali ne daga ɗaga motar. Na kai ta gareji an ƙara mata tsawo saboda rairayin hanyoyin ƙauye, in ka ratse daga gudiro wajen Madarumfa ko Gidan Rumji cikin rani kai ma ka san yadda cikin mota ke share ƙasa. An gama aiki mota ta miƙe sama, sai tayoyinta na asali, 205R16 ɗin nan sirara, sunka koma kamar ƙahwahun zalɓe, duk wanda ya gani sai ya yi dariya. Ni kuwa mutum ne mai mutunci a unguwa.

Sai wani mai saida tayoyin okazyo ya hiddo min wasu guda huɗu daga can ƙuryar shago, 33x12.50R15, masu haƙora, na shiga yashi da duwatsu. Wallahi ko a jingine suke sai ka ji kana girmama su. Ya ce Alhaji waɗannan daga Amurka sunka zo, can ma sai manya. Na tambaye shi mi lambobin ke nuhi, ya ce 33 tsawo ne da inci, 12.50 hwaɗi, 15 kuma jant, wato sai na canza jant ɗina na 16 gaba ɗaya, kuma Allah cikin ikonsa yana da jant ɗin a bayan shago. Akwai wata ƴar lamba 108 a gehe, na nuna, ya ce a'a wannan ta kamfani ce ba ruwanka da ita.

Ranar hwarko na shigo unguwa yara na bina da gudu, uwargida ta leƙo ta ce Alhaji to ni da tsani zan hau? Na ce ke dai ba ki san kaya ba. Matsala ɗaya, in na karya sitiyari har ƙarshe sai taya ta kama goga jikin mota ƙurrr, don haka kwana ta ƙohwar gidanmu sai na yi gaba na yi baya na yi gaba, mai shayin bakin layi har ya riƙa ɗaga min hannu yana cewa zo zo zo tsaya. Sannan mota ta yi nauyi wajen tashi, gazwal kuma kamar ana zuba shi a rami. Allurar gudu ma ta koyi ƙarya, don tayar ta hi ta asali girma, tana nuna 80 alhali ina wajen 90, wannan jandarma ne ya yi min bayaninsa, kuma ba kyauta ba. Babbar tayar ma ba ta shiga mazaunin sakur, wato tayar ajiya, na ƙarƙashi, sai na bar tsohuwa ƴar siririyar nan a wurin.

To ranar da abin ya hwaru na tahi ƙauye ɗauko aya. Da na isa rairayi na rage iska kamar yadda kowa ke yi, mota ta wuce sumul, ina ta yi wa yaron mota wa'azi kan amhwanin babbar taya. Munka loda buhu goma sha biyar, masu kilo ɗari ɗari, yaron ya ce maigida bayan nan ya zamna hwa, na ce kai motar da anka ɗaga ce kake cewa ta zamna? Munka hau gudiro da rana tsaka, ba wanda ya tuna zancen mai da iska, kuma aikin yaron mota ne wannan, in ba haka ba mi nike biyansa. Ba mu yi nisa ba sai ji munka yi daram!! tayar baya ta dama ta yi kaca-kaca, mota ta karkace ta gangara gehen hanya a hankali, Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo, sai dai yaron ya ce ya riga ya yi kalmar shahada har da ta wani.

Munka hiddo sakur, a nan munka gane jek ɗin ma ba ya kai wa, tunda mota ta yi sama shi kuma yana nan yadda Toyota ta yi shi. Sai da munka tara duwatsu da wani guntun turmi da wata tsohuwa ta ara mana. Aka ɗaura ƴar siririyar, mota ta tsaya a karkace gehe guda sama gehe guda ƙasa, ba halin ɗaukar kaya, shi ne anka kira mai amalanke.

Mai faci na garin wani dattijo ne, ya duƙa ya toha yawu ya goge gehen tayar da ta hwashe da babban yatsa, ya ce ɗana ka ga 108 ɗin nan? Kilo 1000 ke nan kowace taya, shi ma sai in iska ya cika. Ya juya ga ƴar sakur ya nuna 110, ya ce wannan da ka raina kilo 1060 take ɗauka. Ya ce tayoyin baya biyu ton biyu ne iyakarsu, kai ka aza ton ɗaya da rabi na aya, ga nauyin bayan motar kanta, ga iska rabi ga zahin kwalta, ɗaga mota kuma ba ya ƙara mata ko tiya guda ta kaya. Sannan ya nuna wasu lambobi huɗu cikin wani ɗan zagaye, 2314, wai sati na 23 na shekara 2014 anka yi ta. Na ce Baba ai ba a yi amhwani da ita sosai ba, dubi haƙora. Ya ce ni ma haƙorana duk suna nan.

Na koma wajen mai tayoyi ya ce shi kyau ya saida min ba lodi ba, in ina son na kaya in nemi masu 120 ko 121, kilo 1400 zuwa 1450, kuma Allah cikin ikonsa akwai su a bayan shago, sai dai jant ɗinsu 16 ne, irin waɗanda ya karɓa hannuna da araha.

Don haka guda ukku na nan gida na sayarwa, haƙora ras, daga Amurka. Wani mai yin takalman taya ya zo ya taya su jiya, na kore shi, amma na karɓi lambarsa.