Siffa mai gefe biyu da rabi

Autanmu ne ke shirin JAMB, Umma ta turo shi wajena da littafin tsofaffin tambayoyi, wai tunda ni ne na yi kimiyya a gidan. Bai tashi nemana ba sai bayan isha'i, ina tsakiyar majalisa a teburin mai shayin bakin layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi.

Tambayar gajera ce. Siffa ce mai gefuna daidai wa daida, kowace kusurwar ciki digiri 140, gefe nawa ne da ita? Zaɓi kuwa 7, 8, 9 ko 10.

Na gyara zama, na ture kofina gefe, na ce, "Auta, wannan ce ta hana ka barci?" Na dai san akwai 360 a cikin harkar. Na ciro waya, na raba 360 da 140, ta ba ni 2.57. Na goge na sake dannawa a hankali, ta maimaita min. Kowa ya yi tsit, har mai shayi ya rage rediyo. Auta ya leƙo kan wayar ya ce, "Yaya, babu ita a zaɓin." Na ce masa littafin ne bugun jabu, irin wanda ake zubawa a ƙasa a kasuwa.

Nan telan nan, kun san shi, ya ce, "Injiniya, gefe nawa ka samo mana?" Na ce biyu da rabi da 'yar ɗoriya. Dariya ta sa shayi ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya.

Wai shi! Mutumin da ya riƙe min shadda tun kafin ƙaramar sallah. Wancan karon da ya yi min ɗinki, hannun dama ya fi na hagu tsawo, na yi magana ya ce kafaɗata ce a karkace. A duk Kano in akwai wanda bai kamata ya sa baki a zancen gefuna daidai ba, shi ne. Ga shi ba ya biyan kuɗin shayi, kullum "a rubuta".

Ana cikin haka yaron da ke wanke kofuna ya ɗago, hannunsa duk kumfa, ya ce, "Yallaɓai, 360 ɗin na kusurwoyin waje ne. Ka cire 140 daga 180, saura 40. Raba 360 da 40, tara ke nan." Bai tsaya nan ba, wai in ina tantama in cire 2 daga 9, in ninka da 180, zan samu 1260, in raba da 9 in ga ko 140 ba za ta dawo ba. Wa ya tambaye shi? Wani mai adaidaita har da zaro noti daga aljihu yana ƙirga gefunansa, shida, yaron ya ce wannan 120 ne. Majalisa ta koma aji, ni ne kawai ba a kula ba.

Na ce ai dama can nake nufa, ƙarar janareta ce ta raba min hankali. Mai shayi ya ce akwai wuta yau, bai kunna ba.

Yanzu Auta wajen yaron yake kai littafinsa. Tela kuwa daga cikin shago yake ƙwala min "Biyu da Rabi". Shaddar ya ce in dawo Laraba.