Ke ce ake fara faɗa wa, to me kike cewa?

'Yan mata 'yan uwana, da ku nake yau, ku da ake kawo wa sirri. Yarinya in saurayi ya fara matsa mata, ko mai shagon layinsu ya fara ba ta kaya yana cewa ki bar kuɗin, ba Umma za ta gaya wa ba, ba malamar Islamiyya ba, ke za ta ja gefe a bayan aji ko ta turo miki saƙo a WhatsApp cikin dare, kuma abin da kika ce mata shi za ta riƙe.

Wallahi abin da ke yawo a tsakaninmu yana ba ni tsoro. Wai kwanciya da namiji sau ɗaya ba ya sa ciki, wai in an sha ruwan kanwa ko na gishiri ko ampiclox shikenan, wai in an yi tsarki da wuri ya fita. Duk ƙarya ce, dan Allah kar ki maimaita wa kowa. Sau ɗaya ya isa, maniyyi yana iya yin kwana 5 da rai a jikin mace, kuma ko wadda ba ta taɓa ganin al'ada ba tana iya ɗauka, tunda ƙwai yana iya riga jinin farko fitowa.

Sannan jikin 'yar shekara 14 ko 15 bai gama ƙwari ba, ga cikin da ake ɓoyewa a hijabi babu awo babu maganin ƙarin jini, nan ne jijjiga take shigowa, nan ne doguwar naƙuda take barin yarinya da yoyon fitsari, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina. Shi kuwa wanda ya ce zai aure ta tuni ya canja layi.

Don haka in ta zo miki tun ana zance, ki faɗa mata gaskiya, ki tuna mata Allah ya haramta ko kusantar zina, ki raka ta in za ta fita, kar ki bar ta ta shiga ɗakin kowa ita kaɗai. In fyaɗe aka yi mata ba laifinta ba ne, a kai ta asibiti kafin awa 72, akwai maganin kariya daga HIV da na hana ɗaukar ciki, kuma lokaci ne da su. In kuwa cikin ya riga ya shiga, ki ji tsoron Allah kar ki kai ta kemis ko wajen mai haɗin gargajiya don a zubar, jini ne ke ɓallewa a rasa rai. Ku nemi wata babba mai rufin asiri, yaya ko goggo, ki zauna kusa da ita lokacin da za ta faɗa.

Ku ma samari, abokinka na bugun ƙirji a majalisa da 'yar mutane kana dariya? Ka ja shi gefe ka gaya masa ya bari.