Ɗaurin talala ba wanke laifi ba ne

Da zarar alƙali ya ce mutum ya tafi gida ƙarƙashin sa-ido, sai dangi su kaure da murna a bakin kotu, wai an sallame shi. Ba a sallame shi ba. Talala aka yi masa, irin wadda ake yi wa akuya da doguwar igiya, turken kuma yana hannun kotu.

Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta yi bayani daga sashe na 453 zuwa 459, jihohi ma sun yi tasu a kan wannan tsari, Kano a 2019. Kotu ta gamsu an yi laifin, amma ta dubi shekarun mutum, lafiyarsa, halinsa na baya ko ƙanƙantar laifin, ta jingine hukunci. Zai sa hannu a takardar alƙawari, da masu tsaya masa ko babu, cewa zai kame kansa har tsawon wa'adin da bai wuce shekara 3 ba. Ana iya gindaya masa inda zai zauna, a hana shi kayan maye, a haɗa shi da jami'in sa-ido. Tun 2019 wannan aiki yana hannun Hukumar Gidajen Gyaran Hali.

Abin da ya fi kayar da mutane ƙananan abubuwa ne. Yaro ya bi motar kaya zuwa Legas ci-rani bai faɗa wa jami'insa ba. An tashe shi daga gidan haya ya koma wata unguwa. Waya ta ɓace, ranar kai kansa ofis ta wuce. Duk suna iya zama saɓa sharaɗi, ko da bai ɗauki allurar kowa ba.

To me zai biyo baya? A kai wa kotu bayani bisa rantsuwa, ta fitar da sammaci gare shi da masu tsaya masa, ko takardar kama shi kai tsaye. Kafin a saurare shi tana iya tsare shi ko ta ba da beli. In ta gamsu ya saɓa, ba sai an sake kiran shaidun shari'ar farko ba, sai ta yanke masa hukuncin laifin asali nan take. Wanda ya tsaya masa kuma, sau da yawa kawu ko mai unguwa da ya sa hannu don kunya, kuɗin da ya ɗauki alƙawari a kansu na iya salwanta.

Ni a ganina kotuna ma suna da nasu kaso. Doka ta ce a ba mutum sharuɗɗan a rubuce cikin sauƙin harshe. Takardar Turanci a hannun wanda bai yi boko ba, a ninke ta a cusa cikin aljihun riga, wane sauƙi ke nan? A karanta masa da Hausa, a sa ya maimaita, a gaban mai tsaya masa.

Akwai kuma ƙofar da ba a cika amfani da ita ba: sashe na 458 ya ba kotu ikon sassauta sharuɗɗa, rage wa'adi, ko soke alƙawarin in hali ya gyaru. Wanda tafiya ta kama shi ya fara zuwa wurin jami'insa kafin ya nufi tasha, ya karɓi izini a rubuce, ya ɗauki hotonsa a waya, ya bar kwafi a gida.