Wai ashe talla ce

To, an yi walƙiya. Bidiyon satar yarinyar nan da ya yi ta yawo a WhatsApp, wai ashe fim ne, wai talla ce. Kwana biyu cur mutane na cikin zullumi, sai daren jiya yaran nan masu shirya fim suka fito da fasta mai launi, suna murmushi har kunne, suna cewa mun gode da kallo, ku saurari fitowarsa nan gaba kaɗan. Har da mai rubuta cewa sun kafa tarihi a Maraɗi. Kun kafa kam. Sannunku da ƙoƙari.

Ba zan kama suna ba, kun san su, kun ga abin, wataƙila ma da yatsanku kuka tura shi gaba. Daƙiƙa 40 ne duka. Mutum huɗu bisa babura biyu, rawani ya rufe fuska, ana jan wata yarinya daga bakin rijiya, wata tsohuwa na kururuwa tana faɗuwa tana tashi, hoton na rawa kamar mai ɗaukar ya laɓe bayan danga. Babu sunan fim, babu tambari a kusurwa, babu kiɗa, babu ko kalma ɗaya da za ta ce wa mutum wasa ne. Kuma kada wani ya ce mini mantuwa ce. Wanda ya zauna gaban kwamfuta ya rage wa hoto kyau da gangan don ya yi kama da na ƙaramar salula, ba mantawa ya yi da rubuta suna ba. Cirewa ya yi.

Ƙarfe goma sha ɗaya na daren Talata Inna ta kira ni. Matar da ko sallama a waya sai ta sa jika ya danna mata. Muryarta na rawa ta ce, "Ɗan nan, ka ga abin da ake turowa? An ce wajen su ƙanwarka ne." Na ce, "Inna, wa ya ce?" Ta ce a cikin wayar aka ce. Ashe kafin bidiyon ya iso gidanmu wani bawan Allah ya riga ya liƙa masa saƙon murya, ya ambaci sunan ƙauye a yankin Gabi, ya faɗi rana, ya ce da idonsa ya gani. Muka yi ta kiran layin ƙanwata ba ya shiga, don can in dare ya yi rezo sai an hau tudu. Sai bayan asuba muka same ta, tana dama koko, ba ta ma san ana yi ba. Inna mai hawan jini ta kwana zaune bisa tabarma da tasbaha a hannu. Wannan shi ne tarihin da kuka kafa a gidanmu.

A wani gungun na WhatsApp an ce Gidan Rumji ne. A wani an ce Jibiya. Na ga wanda ya ce Zamfara ne, bara. To me kuke tsammani? Jaririn da aka yar a bakin hanya, duk wanda ya tsince shi shi ke raɗa masa suna. Bidiyon da ka saki babu suna, gari ne zai yi masa suna, kuma ba kai za a tambaya ba. Magana ɗaya nake yi tun jiya kuma ita zan ci gaba da yi: ku sa wa bidiyonku suna.

Ba baƙo ba ne ni a harkar nan, balle a ce ban san talla ba. Shekara tara na yi a shagon fina-finai kusa da babbar kasuwa, na sayar da faifai, da faifai ya mutu na koma turi, a kawo mini kati in cika shi da fim a biya ni dala ashirin. Kafin nan kuma ni ne yaron da ake aike ya ari kaset. Tun da harkar fim ɗin Hausa ta bidiyo ta kankama a Kano a 1990, talla ce ke jan kasuwa, kowa ya sani. Kaset ɗin da za ka saka, sai ka sha tallar fina-finai biyar ko shida kafin ka ga fuskar wanda ka biya kuɗi dominsa, kuma ba ma ƙosawa, wani lokacin ma tallar ta fi fim ɗin daɗi. Furodusa zai ɗauki waƙa da ƴan fitowa biyu uku, ya haɗa tirela, ya kai wa ƴan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai, da ita zai karɓi kuɗin ƙarasa aiki. Mu nan da muka saba ganin tirela tana shigowa da kaya daga Kwatano, sai da muka daɗe kafin mu yarda wai guntun bidiyo ma sunansa ke nan. Ashe dai duk dako suke yi.

Kuma an yi mana ƙarya a tirela, ba sau ɗaya ba. An sha nuna waƙa a talla, ka sayi fim ka kalla har ƙarshe babu ita. Na sha zagi a shago a kan haka, wata hajiya ta taɓa dawo mini da faifai ta ce in ba ta jakarta guda tunda rawar da ta gani babu. Na ba ta. Amma ko a wancan lokacin, maƙaryacin furodusa yana rubuta sunan fim ɗinsa ɓaro-ɓaro, mai murya na maimaita shi sau uku, ana faɗin kamfani. Ƙaryarsa a kan hajarsa take, in ka ji haushi ka san ƙofar da za ka buga. Jaka guda hajiya ta yi asara, kuma ta karɓi abinta. Wa zai mayar wa Inna da barcinta?

Yanzu bari in bi ta kan masu kare su, don tun safe suke cika mini akwatin saƙo.

Wai Turawa ma haka suke yi. Madalla. Baturen da kake magana a kansa, yana da ƙanwa a ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya a buɗe? Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka zauna a jiharmu saboda wannan masifar, wasu har yau ba su koma ba. A Madarunfa da Gidan Rumji akwai gidajen da suka sayar da shanu da gona suka biya kuɗin fansa. A irin wannan wuri ne za ka saki hoton satar mutum ka ce gwaninta ce? In kwaikwayon Turawa ake so, ai akwai abin kwaikwaya da yawa. A fara da sauti mana, don a fina-finanku iska ta fi jarumi magana.

Wai ai su ba su ce gaskiya ba ne, mutane ne suka ɗauka haka. Wannan ita ce ta fi ba ni dariya. Ka haƙa rami a kan hanya, ka rufe da kara, ka koma gefe ka ce ai ban ce kowa ya taka ba. Gani ya kori ji, haka aka raine mu. Tsohuwa ba ta san montaji ba, wato aikin yanka hoto da haɗa shi, ba ta san ana iya sa hoto ya yi rawa a kwamfuta ba. Abin da ido ya gani yana motsi, a wurinta ya faru. Wannan yardar ita ce jarin duk mai kamara, da ita ɗan fim ke ci, da ita ɗan jarida ke ci, kuma ita kuka ɗauka kuka kai kasuwa.

Wai wayar da kai suke yi a kan matsalar tsaro. Kan wa za a wayar? Mutumin Gabi za ka sanar da cewa ana satar mutane? Shi zai ba ka labari, da sunaye.

Wai hassada ce. To.

Wanda kawai na tsaya na saurara shi ne wani ƙanen abokina da ke cikinsu, yaro mai ladabi, ya zo fada jiya da la'asar ya durƙusa ya gaishe mu. Ya ce, "Yaya, wallahi ba mu da kuɗin talla. Mun yi fim biyu a baya, mun sa a YouTube, ko mutum dubu ba su kalla ba. Su kuma can sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara maganar ko sisi." Wannan gaskiya ce, kuma ta taɓa ni. Na san yadda ake haɗa kuɗin fim a garin nan: wannan ya sayar da babur, wancan ya ranto wajen yayarsa, a yi hayar kamara kwana uku, a ciyar da mutum ashirin da shinkafa da wake. Ga Kano a gefe da manyan jarumai, ga Arewa24 tun 2014 tana shiga gidajenmu, ga fassarar Indiya ta cika wayoyi. Yaron Maraɗi da ke son a kalli aikinsa yana cikin wahala, ban musa ba. Na zuba masa shayi na ce, "Ƙanena, duk na ji. Da ka rubuta sunan fim ɗin a ƙasan hoton, nawa za a caje ka?" Ya yi shiru yana juya kofi. Kyauta ne. Rubutu layi ɗaya ne, daga farkon bidiyo har ƙarshe, a tsakiya inda ba a iya yankewa. Ya san haka sarai, shi ne mai montajin.

Abin takaicin ma, fitowar ta yi kyau. Na rantse ta yi kyau. Tsohuwar nan da ta yi kururuwa, ko a ina aka samo ta, ta iya. Da kun sa suna, kun sa rana, ni da kaina zan tura wa mutum ɗari in ce ku zo ku ga abin da yaranmu suka yi. Ƙasar nan ba baƙuwar fim ba ce. Umaru Ganda ne ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972, ɗan Nijar, tun ba a haifi iyayen wasunku ba, shi ya sa gidan raya al'adu na Yamai ke ɗauke da sunansa. Mustafa Alasan yana zana ƴan hotuna da hannu yana sa su motsi tun ana ganin abin kamar tsafi. Ba su tsorata uwar kowa ba kafin a san su.

Sai ku kuma, ƴan jaridar Facebook, masu "da ɗumi-ɗuminsa" da jan rubutu. Ku kun fi yaran laifi. Shafi nawa suka ɗora bidiyon nan da "innalillahi" a sama, babu wanda ya ɗaga waya ya kira ko da maigari ɗaya? Har wani mai shirin safe na ji yana cewa rahotanni na nuna. Waɗanne rahotanni? Saƙon muryar da ba a san mai shi ba? Mu a fada, da muka nutsu muka kalla sau biyar, wani ɗan kabu-kabu ne ya ce ku tsaya, ku mayar baya. Ya nuna ƙafar ɗaya daga cikin ɓarayin: farin kambas sabo fil, ko ƙura babu. Ya nuna bindigar, babu madauri, kuma mai riƙe da ita yana kaɗa ta da hannu ɗaya kamar muciya. Ya ce rijiyar nan ma ya san ta, bayan gari take ta hanyar Tibiri, yana kai wata mai nono wajen. Ɗan kabu-kabu ya yi aikin da mai katin jarida bai yi ba. Yau kuma duk kun goge, babu wanda ya ce a yi haƙuri, kun koma ɗora fastar fim ɗin. Wataƙila ma an biya ku na biyun.

Ban ce a kama kowa ba, kada a juya mini magana. Amma ku sani akwai dokar laifukan intanet tun 2019, an kuma ƙara mata tsanani a 2024, kuma yaɗa abin da zai ta da hankalin jama'a yana cikinta, har da ɗauri. Ranar da za a tashi aiki da ita, ba mai montaji kaɗai za a nema ba, har wanda ya tura. Ni ba ofishin ƴan sanda nake ji muku ba. Abin da nake tsoro shi ne gobe, Allah ya kiyaye, a ɗauko na gaskiya, wani ya yi kasadar ransa ya ɗauka daga bayan danga, ya turo yana neman agaji, mu kuma mu kalla mu taɓe baki mu ce yaran nan ne kuma da tallarsu. Ga shi yanzu kwamfuta na ƙera bidiyon mutum yana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Da ma yardar ta yi ƙaranci, ku kuma kuna ɗiba da moɗa.

Ku sa suna. Fim ne, ku ce fim ne. Tsoho ne, ku faɗi shekara. Ba ku san inda aka ɗauka ba, ku riƙe abinku a waya. Fim ɗin kuma zan kalla in ya fito, don in ga tsohuwar nan, amma Inna ta ce ko a tele aka sa a kashe mata.

Af, tunda maganar kaset ta taso. Wa ke da injin bidiyo mai aiki a garin nan, irin na babban kaset? Ina da na bikin yayana na 1998, a cikin akwatin ƙarfe yake tun rasuwar Baba, kuma nan ne kaɗai Baban yake yana tafiya yana magana, an ɗauke shi yana raba goro a ƙofar gida yana yi wa mai kamara faɗa wai ya matsa ya ba mutane hanya. Na kai wa masu gyara biyu a Sabon Gari, ɗaya ya ce bel ya tsinke, ɗayan ya ce kan injinsa ya ci. Zaren ya fara fari-fari a gefe, ina jin danshin daminar bana ne. In akwai wanda zai iya juye mini shi a kati, ya yi mini magana ta akwati, zan zo da kaina, ba na ba da shi a kai.