Zoben da ke kewaye rana ba saƙon mutuwar kowa ba ne

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah mu ji tsoron Allah kan abin da muke yaɗawa. Da zarar an ga wani zobe ya kewaye rana ko wata sai hotuna su cika waya, wannan yace wani babba zai rasu, wancan yace yaƙi ne ke tafe, wani ma har da rantsuwa. Wa ya sanar da kai gaibu bawan Allah? Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, shi kuma yana cikin jimamin ɗansa amma bai bar maganar ta wuce ba, yace rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Shi wannan zoben ƙanƙara ce ke kawo shi. Can sama da kilomita 6 akwai wani siririn gajimare fari mai kama da zaren auduga, sanyin wajen ya sa ruwansa ya daskare ya koma ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, kowace da kusurwa shida. Haske na shiga ta wani gefen ƙwayar ya fita ta wani, garin haka sai ya karkace da kusan digiri 22, miliyoyinsu na yin haka lokaci guda shine kake ganin da'ira. Ka lura da kyau, bakin zoben ta ciki ja-ja ne, sararin da ke tsakiyarsa kuma yafi na waje duhu. In ka miƙe hannunka ka ware yatsu ka rufe ranar da babban yatsa, ƙaramin zai faɗa kusan kan zoben, amma fa kar ka kalli ranar kai tsaye, tana lalata ido. Subhanallah, ma'auni ɗaya ko a wace ƙasa kake!

Abin da yafi taɓa min zuciya shine wannan gajimaren da muke wucewa ko ɗaga kai ba ma yi, masana yanayi sun daɗe suna wahala a kansa. Yana barin yawancin hasken rana ya sauko, amma zafin da ƙasa ke mayarwa sama sai ya riƙe wani kaso, don haka siririn cikinsa ɗumama duniya yake yi, kuma girman ƙwayoyin da siffarsu suna canza lissafin gaba ɗaya. A 2006 Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan adam CALIPSO wanda ya yi ta haska gajimare da hasken leza yana auna tsayinsa har zuwa 2023, a 2024 Turai da Japan suka harba wani tauraron mai suna EarthCARE, shi ma don nazarin gajimare. Mu da aka saukar mana da ayar Suratu Yusuf, cewa ayoyi nawa ne a sammai da ƙasa suke wucewa ta kansu suna masu kau da kai, mu ne muka tsaya a camfi? Ibnul Haisam musulmi ne, a Alkahira ya zauna yana gwajin yadda haske ke karkacewa cikin ruwa da gilashi shekara kusan dubu da suka wuce.

In an turo maka irin wannan hoton da labarin mutuwa kar ka tura gaba, ka amsa wa mai shi cikin ladabi da wancan hadisin, in kuma akwai yaro kusa da kai ka fito da shi waje ka nuna masa yadda ake auna zoben da yatsu.