Rashin Rajistar Mamata Ya Sa Muke Gano Annoba a Makare

A watan Mayun 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar korona ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 14.9 a shekarun 2020 da 2021, alhali alƙaluman da gwamnatoci suka bayar ba su wuce miliyan 5.4 ba. Hanyar lissafin ita ce a duba yawan mutanen da suka saba rasuwa a shekarun baya, sannan a gwada shi da na lokacin annoba, abin da ya ɗoru a kai shi ne ainihin ɓarnar da aka yi. A cikinsa ake samun wanda cutar ta kashe ba tare da an yi masa gwaji ba, da mai ciwon suga da dokar kulle ta raba da likitansa.

Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai da rajista. Afirka ta Kudu, wadda ke rubuta kusan kowace mutuwa, ta riƙa fitar da alƙaluma mako-mako, har ta gano cewa mace-macen da suka ƙaru sun kai kusan ninki uku na waɗanda aka danganta da korona a hukumance.

A Najeriya kuwa, abin da ya faru a Kano cikin Afrilun 2020 ya isa misali. Masu haƙa kabari ne suka fara kokawa cewa gawarwakin da ake kawo musu a rana sun zarce yadda suka saba gani. Gwamnatin jihar ta danganta lamarin da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro, kuma babu wanda ke riƙe da adadin mamatan Afrilun shekarar da ta gabata, balle ya gaskata ta ko ya ƙaryata ta. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa mutum 979 suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce. Ta hanyar tambayar iyalan mamata alamomin da suka gani aka kai ga wannan sakamako, bayan an daɗe da yin jana'iza.

Wata dokar Najeriya ta shekarar 1992 ta wajabta rajistar mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma galibi ba a neman takardar shaidar mutuwa sai batun gado ko fansho ko kuɗin banki ya taso. Ban yarda cewa gaggauta binne mamaci, kamar yadda Musulunci ya koyar, ita ce matsalar ba, domin babu jana'izar da ake yi liman da mai unguwa ba su sani ba. Abin da ya rage shi ne kowace maƙabarta ta samu littafin rubuta suna da shekaru da ranar rasuwa, a biya wanda ke riƙe da shi albashi, ƙaramar hukuma kuma ta tattara adadin duk mako ta miƙa wa ma'aikatar lafiya ta jiha.